Ganyen da Na Auna wa Yaya

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya faɗi a shagonsa yau da hantsi. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi ne ya ji katakai sun zube, ya leƙa, ya same shi kwance tsakanin teburin aiki da bango, zarto na hannunsa. Shi ya sa shi a mota ya kai shi asibiti. Malama, matar Yaya, tana cikin aji aka kira ta, ita kuma ta kira ni. Ina auna wa wata mata citta da kanumfari a lokacin. Ban tuna ko na ƙulle mata ledar ba.

Ba su bar mu mun gan shi ba. Mun zauna a bencin ƙarfe a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman har wata nas mai tabarau ta fito ta ce zuciya ce, bugunta ya rikice, ta yi gudu ta ja baya. Na ce mata anya ba ta haɗa shi da wani ba? Mutumin da ke saɓa ƙyauren ƙofa shi kaɗai ya hau bene da shi. Na juya wajen Malama don ta taya ni musu. Ba ta taya ni ba. Bakin mayafinta kawai take murzawa.

Laraba, da sassafe

Ban buɗe shago ba.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Mun shiga ɗaya bayan ɗaya, minti biyar-biyar. An manna masa wayoyi a ƙirji, ga ƙarin ruwa a hannu, ga na'ura a saman kansa tana zana layi mai hawa da sauka. Ya buɗe ido ya ce, "Auta, wa ya shafa wa ɗakin nan ruwan ɗorawa?" Ɗakin fari ne fat. Na ce fentin asibiti ne. Ya ce duk wanda ya yi aikin bai iya ba.

Hannayensa na kan zanen gado. Sun yi sumul. Ban daɗe ina kallonsu ba.

Daga baya likita ta kira mu ofishinta. Mace ce 'yar siririya, ba ta ɗaga murya. A bakinta na fara jin cewa shekara biyu ke nan Yaya yana shan ƙwayar zuciya kullum, wata 'yar ƙaramar fara da ake raba ta biyu, da wata ta hawan jini. Shekara biyu. Ni da nake cin abinci a gidansa kusan duk mako. Malama ta ce shi ya hana ta faɗa wa kowa, har da ni, musamman ma ni.

Likita ta ce alamun da take gani, amai da jiri da wannan ganin rawaya-rawaya, sun yi kama da wanda maganin zuciya ya yi wa yawa a jiki. Ta tambaya ko an taɓa ba shi sau biyu a rana ɗaya bisa kuskure. Malama ta ce a iya saninta a'a. Ta tambaya ko yana shan wani abu daban, na kanti ko na gargajiya, ko da shayi ne na ganye. Malama ta ce ba ya sha, ba ta yarda a shigar mata da irin waɗannan gida. Sai ta ɗan yi murmushi, na farko tun jiya, ta nuna ni ta ce, "Da akwai, ai ga mai shagon nan zaune."

Likita ta dube ni. Na dubi takalmina. Igiyar na hagu ta kusa tsinkewa, ya kamata in kai gyara.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe, a shago

Na shigo na rufe ƙofa ta ciki. Na share ƙasa, na goge sikeli, na jera kwalabe bisa tsawonsu, aikin da ba wanda ya sa ni. Sai da aikin ya ƙare na sauko da wani gwangwani daga kanta ta uku.

Figwat ake ce wa ganyen da ke ciki. Ba ganyen da Baba ya koya min ba ne, daga ƙasar waje dillali ke kawo shi a busashe, ganye da kara da 'yan furanni. Karan kusurwa huɗu gare shi, in ka murza shi a yatsa za ka ji. Furen ƙanana ne, ja mai duhu, kamar bakin da aka buɗe kaɗan. Warinsa ba daɗi. Masu kirci da ƙaiƙayi da ƙuraje su suka fi nemansa, sai masu kaluluwa a wuya, wasu kuma don basir. Ana dafawa a wanke wurin, ana kuma sha. Yana sa yawan fitsari. Shekara shida ina sayar da shi, ba wanda ya taɓa dawo min da ƙorafi.

Ba wanda ya dawo da ƙorafi don ba na ba kowa sai na tambaye shi. Kana da ciwon zuciya? Kana da ciwon suga? Wace ƙwaya kake sha? In mace ce, kina da juna biyu, ko kina shayarwa? Wanda ya ce e ga ko ɗaya, gwangwanin ba ya saukowa. Haka yake a babban littafina mai hotuna, ni da kaina na ja wa layin jan biro. Har faɗa na taɓa yi da wani direban bas a kan haka, ya fita yana cewa na fi likita tsirfa.

Wata guda da ya wuce Yaya ya shigo nan ya zauna a kan wannan kujerar. Kircin hannunsa ya tashi saboda ƙurar katako da man goge kaya. Fatar ta tsattsage har tana jini, guduma ma da ƙyar yake riƙewa. Ya shimfiɗa min su a kan kanta ya ce, "Auta, ko dai ki gyara su ko ki ba ni aiki a shagonki."

Na auna masa na wata biyu. Cokali ɗaya a kofi ɗaya, sau ɗaya a rana, sauran ruwan ya wanke hannu. Ya ce kada Malama ta ji, a shago zai riƙa dafawa. Muka yi dariya.

Ban tambaye shi ba. Me zan tambayi Yaya? Shi ya goya ni. Na san abin da ba ya ci, na san ƙafar da ke masa ciwo in an yi sanyi.

Ban tambaye shi ba.

Juma'a, bayan azahar

Na sami Malama a wajen famfon bayan asibiti tana wanke filas. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake zuba sabulu. Ta ce jiya ta juye ƙwayoyinsa a kan tire ta ƙirga su sau huɗu, kowane ƙirge da abin da yake ba ta. Akwai wata safiya a makon jiya da ta makara, ta ba shi maganin a tsaye, da ta dawo kuma tana ganin kamar ta sake ba shi. Ba ta tabbata ba. Ta ce in ita ce ta yi masa wannan, ba ta san da wane ido za ta kalli 'ya'yansa ba.

Na ce mata ta daina, ba ita ba ce. Ta ce ta yaya na sani? Na ce na dai sani, ita mai tsari ce. Ta riƙe hannuna da jiƙaƙƙen hannunta ta ce Allah ya bar zumunci, ni kaɗai ce take iya faɗa wa wannan.

Shekara talatin muna zaman doya da manja da matar nan a kan ganye da ƙwaya. Yau ta riƙe hannuna.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Maigidana ya ce in ban ci burodin nan ba, zai kai ni asibitin a ba ni gado kusa da Yaya, a huta zirga-zirga. Na ci rabi.

Asabar, da la'asar

Wataƙila ma ba ganyen ba ne. Likita ai ƙwaya ta ce. Cokali ɗaya a rana me zai yi wa ƙato kamar Yaya?

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Malama ta ba ni makulli in je shagon Yaya in ɗauko masa tabarau in kashe wuta. Komai na nan yadda ya bar shi. Katakan da suka zube mai walda ya jingine su. Akwai wani teburin cin abinci da ya kusa gamawa, ƙafa uku a jiki, ta huɗu tana cikin ƙarfen matse katako.

A bayan buhun ƙusa na ga wata 'yar tukunya da risho. Ganyen ya bushe a gindinta, ya yi baƙi. Ledar da na ƙulle masa da hannuna tana rataye a ƙusa. Na wata biyu na auna. Abin da ya rage bai cika cokali uku ba.

Mai walda ya shigo gaishe ni da jiki. Da ya ga ledar a hannuna sai ya washe baki, ya ce ai wannan maganin ya yi wa kafinta rana. Safe, rana, yamma, kamar shayi yake kurɓarsa, ya ce tunda kofi ɗaya ya yi aiki, uku za su fi sauri. Duk wanda ya zo sai ya nuna masa hannu ya ce ƙanwarsa ce ta warkar da shi. Abin da ya dame shi kawai yawan zagayawa, har suna tsokanarsa wai ya mayar da shago bayan gida. Ya ce shi ma in an kwana biyu zai zo in ba shi na ƙafarsa.

Na sa ledar a jaka. Na manta tabarau, sai da na koma daga bakin titi.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Jakar tana kan cinyata a bencin. Malama tana gefena tana gyangyaɗi. Likita ta wuce sau biyu.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Wajen ƙarfe goma na'urar ɗakinsa ta fara kuka. Nas-nas suka shiga da gudu, aka ja labule, aka turo wani akwati mai taya. Ta ƙasan labulen ƙafafunsu kawai muke gani. Malama ta zame daga benci ta zauna a ƙasa, tana ta faɗin ni ce, ni ce, a hankali, kamar mai karanta wa yara darasi.

Minti ashirin, in ji agogon bango. Sannan likita ta fito ta ce ya dawo, amma ba ta son a sake yin irin wannan, kuma akwai abin da har yanzu bai zauna mata ba. Wani gishiri na cikin jininsa ya yi ƙasa sosai, ba ta gane me ya zubar da shi haka ba.

Na bi ta ofis. Ban zauna ba. Na ciro ledar na ajiye a kan teburinta, na faɗi sunan ganyen, da ranar da na ba shi, da abin da na ce ya sha, da abin da mai walda ya ce ya sha. Ta rubuta duka. Ta sa na maimaita sunan harafi-harafi, ta duba a kwamfuta, ta karanta. Ta ce ganye ne da ake gargaɗin masu ciwon zuciya a kansa, ga shi yana sa fitsari, fitsarin kuma yana iya tafiya da gishirin nan, in gishirin ya yi ƙasa ƙwayar zuciya takan zama kamar an ninka ta. Ta ce ba a yi bincike mai yawa a kan ganyen ba, don haka ba za ta rantse ba, amma yanzu ta san inda za ta duba.

Sai ta ajiye biro ta ce, "Ranar Laraba na tambaye ku."

Na ce e.

"Yau Litinin."

Ta mayar da ido kan abin da ta rubuta. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta ce ita za ta gaya wa matarsa ko ni? Na ce ni.

Malama tana nan a ƙasa inda na bar ta. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta tambaye ni me ya sa na ba shi ba. Abin da ta ce kawai, "Ranar da nake wanke filas, kin sani?"

Na ce na sani.

Ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta koma can ƙarshen bencin ta zauna.

Talata, da hantsi

Na je. Babban ɗan Yaya ya iso daga wajen aikinsa, shi ya tare ni a ƙofa. Ya gaishe ni da ladabi, Gwaggo sannu da zuwa, Gwaggo yaya gida, sannan ya ce mamansa ta ce a ɗan rage masu shiga. Na ce haka ne, ya kamata. Na ba shi lemon da na kawo. Ya karɓa da hannu biyu, amma na ga ya duba cikin ledar.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ban je ba. Na buɗe shago rabin ƙofa. Wata tsohuwa ta zo neman na kaluluwar jikarta, na ce ya ƙare, ta kai ta asibiti a duba wuyan. Gwangwanin na bayana a kan kanta.

Alhamis, da safe

Ban je ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Maigidana ne ke zuwa yana kawo min labari. An ƙara masa gishirin ta ruwa, an dakatar da farar ƙwayar na kwana biyu, bugun ya fara daidaita. Ya daina ganin rawaya. An fitar da shi zuwa babban ɗaki mai gado shida. Ya ci abinci, ya yi faɗa da wani a kan taga. Yau ya tambaya ina Auta, aka ce tana shago. Ya ce shagon ya fi shi ke nan?

Na ce wa maigidana laifin ai ba nawa ba ne ni kaɗai, da an gaya min yana da ciwo da ko kusa ba zan ba shi ba. Ya ce gaskiya ne. Na ce kuma kofi ɗaya na ce. Ya ce wannan ma gaskiya ne. Sai ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Na jira ya ce wani abu game da kwana biyar ɗin da na ɓoye wa likita. Bai ce ba, ni ma ban ce ba.

Litinin, bayan azahar

Yaya ya aiko ɗansa ya ɗauke ni a mota. Malama ta ga na shigo ta ɗauki filas ta fita.

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kircin ya fara dawowa tsakanin yatsunsa, likitan fata ya ba shi wani man shafawa. Ya nuna min gefen gado na zauna. Na fara magana ya ɗaga hannu.

Ya ce ranar da aka gaya masa yana da ciwon zuciya, abin da ya fara zuwa masa shi ne fuskata lokacin jinyar Baba, yadda na bar komai wata bakwai ina kwana a ƙasa gefen gadonsa har na koma kamar tsinke. Ya ce bai so in fara yi masa wannan kallon ba, kuma ya san zan hana shi ɗaukar ko kujera. Ranar da ya zo shagona ya san tambayoyin da nake yi wa mutane, ya sha zama yana ji. Ya shirya ƙaryar da zai yi min in na tambaye shi.

"Sai ba ki tambaya ba," in ji shi. "Na ce yauwa, Allah ya rufa asiri."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ni ban iya ba.

Da tarin ya lafa ya ce tsakanina da shi babu komai, mu biyu muka dafa abin nan. Amma na Malama daban ne, wannan ba shi da ikon yafe shi, kuma kada in sa ran zai sa baki.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Likita ta tara mu kafin sallama. Ta ce zuciyar dama ta yi rauni fiye da yadda Yaya yake nunawa, mai yiwuwa da ganye ko babu ganye wata rana da hakan ta faru. Mai yiwuwa kuma da ba ta faru ba. Faɗuwa ta biyun ta ƙara mata rauni. Ko da an san da ganyen tun Laraba za a iya kauce mata? Ɗan Yaya ne ya yi tambayar. Likita ta ce da an fi saurin gane bakin zaren, iyakar abin da za ta iya cewa ke nan.

Ba zai koma ɗaga katako ba. Ba zarto, ba hawa bene da kaya. Yaya ya tambaya ko goge tebur da takardar yashi a zaune ma haramun ne. Ta ce a sake magana bayan wata uku.

Babu wanda zai taɓa gaya min adadin laifina a ciki. Na lura ina so a gaya min, ko da mai yawa ne.

Juma'a, da la'asar

An sallame shi jiya. Ban bi su gida ba. Na kwashe figwat ɗin na mayar wa dillali. Ya ce ganye mai kyau ne, mutane na nema. Na ce na sani, ba ganyen ne ya yi shiru ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Waya ta yi ƙara, sunan Malama. Sai da ta kusa katsewa na ɗauka. Ba gaisuwa mai tsawo. Ta ce hutun da makaranta ta ba ta ya ƙare, ɗansu ma ya koma bakin aiki, gobe ba wanda zai zauna da shi daga bakwai zuwa biyu. Akwai ƙwayar ƙarfe goma sha biyu. Ta nemi wasu, ba ta samu ba. Ta faɗi wannan sau biyu, don in ji da kyau.

Na ce zan zo.

Ta ce, "Kada ki zo da komai."

Litinin, ƙarfe uku na rana

Bakwai saura na isa. Ta buɗe ƙofa da jakar makaranta a kafaɗa. Kafin ta yi magana na zuge jakata na buɗe mata. Na ɗauka za ta kau da kai ta ce haba. Ba ta kau da kai ba. Ta duba sosai, ta ɗaga gyalen da ke ciki, ta ga waya da makulli da wannan littafin. Sannan ta matsa na shiga.

Ta kai ni kicin ta nuna min takardar da ta manna a jikin firji, kowane magani da lokacinsa, da rubutunta na allo. Farar ƙarama, rabi, ba ɗaya ba. In na ba shi in ja layi in sa hannu. In ya ce yana jiri in kira likita kafin in kira ta. Ta sa na maimaita mata duka kamar 'yar aji uku, na maimaita. A bakin ƙofa ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce akwai shayi a filas, ta tafi.

Yaya ya yi barci har sha ɗaya. Sha biyu daidai na ɗora ƙwayar a kan faranti na sa wuƙa a tsagin tsakiyarta. Ni da nake auna abu da ido tun ina 'yar shekara goma sha biyar, sai da na gyara wa wuƙar zama sau uku. Yana kallona daga kujera. Ya ce in kawo ya raba, ai yankan daidai sana'arsa ce. Na ce a'a, ni aka bar wa.

Ta rabu biyu. Ya haɗiye da ruwa, ya buɗe min baki in gani. Na je na ja layi na sa hannu a ƙarƙashin na Malama.

Biyu da kwata ta dawo. Takardar ta fara dubawa kafin ta ajiye jaka. Ta ce gobe ma bakwai.